Hayaƙin Bandar Lubabatu

Shekara ashirin da shida ina shan sigari, ba wanda ya iya raba ni da ita. Inna ta yi mini wa'azi har ta koma ga Allah. Matata Lubabatu ta yi yaji sau ɗaya a kanta, ta dawo ta tarar da ni da kara a baki. Wanda ya raba ni da sigarin a ƙarshe wani likita ne a Sakkwato, Dokta Benjamin, kuma ko murya bai ɗaga ba.

Ni direban jirgin ruwa ne, ina ƙetarar da mutane da buhunan albasa daga Yelwa zuwa ƙauyukan tsallake. Wata safiya na sunkuya zan ɗaga inji, sai bayana ya yi wata 'yar ƙara. Tun daga ranar ƙafata ta hagu ta daina jin maganata. Jirgi ya koma ɗaure a bakin ruwa, ni na koma sallah a kan kujera.

Likita ya ɗaga hoton ƙashin bayana ya ce sai an yi tiyata an haɗa ƙasusuwa biyu.

"Amma ƙashin mai shan taba ba ya haɗewa da kyau," in ji shi. "Mako shida ba sigari. In ka dawo zan gwada ka. Na ga alamarta, na ba wani gurbinka, kai kuma sai bayan wata takwas."

Na dawo gida na jefa kwalin sigarina a kogi, a gaban shaidu. Kwana na farko na cinye goro tara. Kwana na uku na yi faɗa da akuyar maƙwabta, kuma ita ce da gaskiya.

A kwana na biyar na samu magani. Bayan gidanmu akwai rumfar da Lubabatu ke bandar kifi, ganga uku, hayaƙi tun safe har la'asar. Na ja kujera na zauna ta inda iska ke kaɗo shi. Bai kai sigari daɗi ba, amma dangi ne. Na riƙa juya mata tarwaɗa don kada a ce zaman banza nake. Ta ji daɗi ƙwarai, har ta gaya wa ƙawarta Asama'u cewa ciwo ya mai da ni mutum.

Ranar komawa asibiti mun yi sammako mun ƙarasa bandar da ke kan wuta, don kada kifin ya lalace. Daga rumfa muka wuce tasha.

Likita ya miƙo mini wata na'ura kamar wayar hannu, da ɗan bututu a jiki. Ya ce in riƙe numfashi, sannan in hura. Na hura da ƙarfin zuciyar mai gaskiya.

"Wanda ba ya sha ba ya wuce shida," ya ce. "Kai sha ɗaya."

Lubabatu ta juyo ta dube ni a hankali. "Malam, tsakaninka da Allah, ina kake ɓoye ta?"

Na rantse da abin da ake rantsuwa da shi, na ƙara da kabarin Inna. Likita ya fara rufe fayil. Da alama ya sha jin rantsuwa iri-iri. Ina kallon wata takwas suna tahowa, da kujerar sallah, da jirgi yana cin gansakuka.

"Likita, na'urarka ta lalace," na ce. "Ga wadda ba ta taɓa sa taba a baki ba. A ba ta ta hura, a gani."

Ya canza bututu ya miƙa mata. Ta gyara mayafi ta hura, tana hararata.

Sha uku.

Ɗakin ya yi tsit. Na bari shirun ya nuna sosai, sannan na ce, "Uwargida, tsakaninki da Allah, ina kike ɓoye ta?"

Likita ya tambaye ta sana'arta. Ta faɗa. Ya tambaye ni inda nake wuni. Na faɗa, har da maganar iska. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce na'urar hayaƙi take gani, ba ruwanta da na taba ne ko na itace. Sai ya tura ni gwajin fitsari, wanda ya ce shi taba kawai ya sani.

Gwajin ya wanke ni. Ya bar mini gurbina na Alhamis ta sama, da sharaɗin kada in ƙara kusantar rumfar. Ita kuma ya ce ta kwashe shingen zanan da ta kewaye gangunan da shi, iska ta ratsa.

A mota muna dawowa, sai da muka wuce Koko sannan ta yi magana.

"In na ji zancen sha ukun nan a bakin wani a Yelwa, kai da ƙafar taka ku nemi mai jinya."

Na yi mata alkawari, kuma na cika. Ta dai manta mu goma ne a motar, kuma direban ɗan unguwarmu ne.