Ɓarin Goro a Kumatun Wanzami

Jama'a salamu alaikum. Ku matso, wanda bai samu benci ba ya nemi dutse. Yau labarin wani wanzami na kawo muku daga Garwa. Mai goro a baki ya ci gaba da taunawa, ba da shi nake ba. Tukuna dai.

A zamanin Shugaba Ahidjo, a unguwar Hausawa, akwai Usmanu Wanzami. Aski gado ne a gidansu, goro kuwa shi ya ƙara wa gadon. Kafin ya wanke ido ya ɓara ɗaya. Hantsi ya yi, ya je wurin Larabawan Cadi masu shayi, su zuba masa irin baƙin nan mai kauri kamar kwalta. Da kafe, wato kofi, na gwangwani ya shigo gari, shi ma bai bar shi ya wuce ba. Haƙoransa sun yi ja kamar ƙasar bulo. Barci kuwa sun daɗe da rabuwa, sai dai gaisuwa daga nesa.

Sannu a hankali hannun dama ya fara rawa. Da farko kaɗan, sai shi kaɗai ya sani. Ran nan Léon, direban kamiyo, babbar motar da ke jigilar auduga daga Pitowa, ya zauna a yi masa ƙwal. Aska ta zo wucewa ta gefen kunne, ta ɗan ɗanɗana.

Léon ya yi tsalle, hannu a kunne. "Kai, Usmanu! Gashi na kawo maka, kunne na madam ne!"

"Kai ka motsa."

"Ni na motsa? Dubi hannunka, kamar kamiyona a hanyar gargada!"

Masu jiran layi suka yi dariya, amma biyu daga ciki suka tuna suna da uzuri a kasuwa.

Matarsa Zuwaira ce ta tasa shi gaba zuwa dispansa. Can suka samu Rosalie, nas ce, 'yar mutanen kan dutse, Hausarta ta kasuwa ce, ba kwana ba lanƙwasa. Ta riƙe wuyan hannunsa, ta sa masa abin saurare a ƙirji.

"Baba Usmanu, zuciyarka tana gudu, wa ya kore ta? Goro nawa kake ci?"

"Ɗan kaɗan."

Zuwaira ta ce, "Madam, tambaye shi nawa yake bari, shi ya fi sauƙin faɗa."

Rosalie ta ce ba allura, ba ƙwaya. Ya bar goro, ya bar baƙin shayi, ya bar kafe. Ta ce ya riƙa ragewa a hankali, don in ya yanke gaba ɗaya kai zai sare shi. Usmanu ya ce to. A ransa kuwa ya ce shi ba ya abu rabi-rabi, aska ba ta san haka ba.

Kuma akwai dalilin gaggawa. 'Yar Modibbo Iliyasu ta kusa haihuwa. Modibbo shi ne babban malamin unguwa, kuma duk jaririn da aka haifa a gidansa, wanzaman gidan su Usmanu ne suka aske shi ranar suna, tun daga kaka. In labarin kunnen Léon ya kai zauren Modibbo aka kira wani wanzami, to unguwar gaba ɗaya ta bi baya. Wa zai miƙa kan ɗansa ga hannun da Modibbo ya ƙi?

Sai ya yanke, rana ɗaya.

Jama'a, kun taɓa ganin ƙaton mutum yana hamma har hawaye da rana tsaka? Kai ya sare shi kamar ana daka gero a ciki. Ya yi faɗa da Zuwaira a kan gishiri, ya yi faɗa da akuyar maƙwabta, ya yi faɗa da Rediyo Garwa. Mai tallan goro in ya shigo layi, Usmanu sai ya shige ɗaki ya toshe kunne. Zuwaira ta riƙa dama masa kunun tsamiya tana ajiyewa daga nesa, kamar mai ba kare marar lafiya abinci.

Amma abin ya wuce. Wata safiya ya farka, ya gane ashe barci ya yi. Ya miƙa hannu ya duba. Shiru. Ya ɗora ƙoƙon ruwa a tafin hannu, ruwa bai girgiza ba.

'Yar Modibbo ta haihu, namiji. Ranar suna Usmanu ya rataya zabira, ya wasa aska har tana ɗaukar ido, ya nufi gidan Modibbo da sassafe, ciki ba komai. Zaure cike, an yi addu'a, an raɗa wa yaro suna, ana ta rabon goro. Usmanu ya raɓe a gefe, faranti na zuwa ya sunkuyar da kai kamar mai tasbihi, faranti ya wuce. Ya ce alhamdulillahi.

Sai ya ji muryar Modibbo, da gaisuwar Fillanci. "Usmanu. Jam na? Matso nan."

Ya matsa ya durƙusa. "Jam, Allah gafarta Malam."

Modibbo ya sa hannu a aljihunsa na kansa, ba a faranti ba, ya zaro farin goro, ƙato, mai sheƙi. Ya ɓara shi gida biyu. Ya jefa ɓari ɗaya a bakinsa, ya miƙa wa Usmanu ɗayan.

"Haka na yi da mahaifinka ranar sunan uwar yaron nan. Bismillah."

To ku da kuka san gari kun san wannan. Goron faranti kana iya sa shi a aljihu ka ce sai an jima. Amma goron da babba ya ɓara da hannunsa ya ci rabi, a gabansa ake cin sauran. Ka ƙi, ka ce ke nan akwai wani abu tsakaninku. Ka ce likita ta hana, sai a ce me ya same ka? Ka ce hannu ke rawa, ga jariri can ana shiryo shi. Ka ci kuma, ciki wayam, jiki ya manta da abin, wa ya san abin da hannu zai yi?

Zaure duka ido a kansa.

Usmanu ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya da Fillanci. "Useko, Allah gafarta Malam." Ya jefa a baki, ya tura shi can ƙuryar kumatu da harshe, ya ɗan motsa muƙamuƙi don a gani. Bai tauna ba. Ya ajiye shi kamar dutse.

Aka shiga da shi cikin gida. Goggon jaririn, Halime, tsohuwa mai baki, ta zauna a tabarma da yaro a cinya. Ita da Usmanu sun saba, duk suna sai sun yi ta zolayar juna har mata su riƙe ciki.

"Ga angona ya iso! Wanzami, yau ma da askar yankan kaza ka zo?"

Usmanu ya ce, "Mm."

"Mm? Zuwaira ta ƙwace harshen ne?"

"Mm-mm."

Ba halin magana, yawu ya cika baki, ɗacin goro na tsattsafowa yana kiran sunansa. Ya jiƙa kan yaro da ruwan ɗumi, ya shafa sabulu. Kan bai fi lemo ba. A tsakiya ga maɗiga, wurin nan mai taushi, tana bugawa a hankali. Ya ɗora aska.

Mata suna ta surutu, shi bai ji ko ɗaya ba. Daga goshi zuwa ƙeya, daga ƙeya zuwa bayan kunne. Da ya zo kunnen sai Léon ya faɗo masa a rai, ya cije baki, ya wuce. Ya zagaye maɗiga kamar mai taka ƙwai. Gashi ya zubo a ƙwarya, baƙi, laushi. Yaro ko farkawa bai yi ba.

Halime ta juya kan ta duba gaba da baya. Ko ƙwarzane babu. Ta rangaɗa guɗa. "Bebe dai ya zama, amma hannu na nan!"

Usmanu ya tattara kaya, ya yi sauri ya zaga bayan katanga don ya tofar da abin. Ya tofa. Sai jan yawu da ɗan tuƙa. Ya laluba da harshe, dama, hagu. Babu goro. Haƙora sun yi aikinsu tun a wajen kunne, ba su nemi izininsa ba.

Ya tsaya. Ƙirji ya fara ɗan gudun nan da ya sani. Kai kuwa ya washe tas, duniya ta yi haske, abin haushi, daɗi ƙwarai.

A ƙofa aka miƙo masa rabon wanzami: kan rago, da ƙunshin goro a ganye, mai nauyi. Modibbo ya ce, "Gidan nan naka ne, Usmanu. Ƙanwar mai jegon ma ta yi nauyi, kada ka yi nisa."

A hanyar gida ƙamshin ganyen ya yi ta hawa masa hanci. Bakin tasha ya ga Léon a ƙarƙashin kamiyo. Ya dangwara masa ƙunshin a kan ciki.

"Na mene ne?"

"Diyyar kunne."

Léon ya buɗe, ya washe baki. "Gobe zan kawo maka ɗayan kunnen!" Sai ya dubi hannun Usmanu. Yatsun suna ɗan motsi.

A gida Zuwaira ta tare shi. Ta ce ya buɗe baki, ya buɗe, ta leƙa, ta tafi ta jiƙa tsamiya. Kashegari kai ya dawo da dakan geronsa, aka koma farko.

Gidan Modibbo dai bai kuɓuce masa ba. Amma wani sunan na tafe, aljihun Modibbo kuma ba ya rabuwa da farin goro. To kai mai taunawa a can baya, na gan ka: in kai ne a durƙushe a zauren nan, ga ɓari an miƙo, ga jariri na jira, me za ka yi?