Da Sauƙi

Malam Ba-Komai ya sake danna wurin bugawa a kwamfutar makaranta, jan rubutun gargaɗin nan ya sake fitowa. Ya yi wuf ya rufe shi, kamar mai rufa wa maƙwabci asiri. A waje iyaye sun cika benci suna jiran sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, Hajiya mai makarantar kuwa ta riga ta faɗa masa da safe: in aka yi azahar takardun ba su fito ba, ya nemi wani aikin.

Ba a banza malamai suka laƙaba masa wannan suna ba. Mutum ne da ko gidansa ke ci da wuta, ka tambaye shi, zai ce ɗan hayaƙi ne.

Ya kira Injiniyan kamfanin da ya sayar musu da manhajar. Ya gaishe shi, ya gaida iyali, ya tambayi gajiya.

"Lafiya lau, Malam. Yaya manhajar?"

"To, da sauƙi."

"Madalla," in ji Injiniya, ya kashe waya.

Malam ya bi wayar da kallo, ransa a ɓace. Yaran zamani! Wa ya taɓa jin an ce da sauƙi ya ɗauka sauƙin ne? Ya sake kira.

"Ai ta ɗan ƙi ne."

"Me ta ƙi? Me ka danna, me ta ce maka?"

"Ta ɗan yi wata magana dai."

"Turo min hoto."

Malam ya kashe kwamfutar, ya goge ta tas da hankici, ya gyara mata zama, ya ɗauke ta hoto daga gefe. Ta yi kyau ƙwarai.

"Malam," in ji Injiniya da ya ga hoton, "ba aurenta zan yi ba. Kunna ta, ka karanto min jan rubutun yadda yake. Kar ka rage, kar ka sa masa zuma."

Malam ya leƙa ƙofa, ya turo ta, ya rage murya.

"Na danna bugawa. Ta ce ba za ta buga ba, wai akwai ɗalibi ɗaya a aji uku da ba a sa masa makin lissafi ba." Ya ƙara rage murya. "Har sunansa ta kama, marar kunya."

"Shi ke nan? Tun ɗazu? To sa masa makinsa mana! Nawa ya ci?"

Ɗalibin autan Hajiya ne, kuma abin da ya ci ko maki ɗaya bai kai ba. Malam da kansa ya bar gurbin fayau, yana fatan na'urar za ta gane, ta kau da kai kamar kowane mai hankali.

"Bai samu komai ba," ya faɗa da ƙyar.

"Rubuta sifili."

Ya rubuta. Nan take firinta ta kama aiki, tana zubo takardu ba ko tari. Tsoro ya kama shi sosai, don ta saman ita ce ta autan.

Ƙofa ta buɗe, ƙamshin turaren Hajiya ya riga ta shigowa.

"A'a, abu ya gyaru! Sannu, Malam. Yaya sakamakon yaron nawa?"

Malam ya miƙa mata takardar da hannu biyu, a kife.

"Da sauƙi, Hajiya."