Takardun Imat Akullu

Ranar wata Lahadi bayan an tashi daga coci, na ga mata sun yi layi a gaban wata tsohuwa da ke zaune a gindin mangwaro. Kowace ta durƙusa ta miƙa mata 'yar takarda a ninke, ta ajiye ƙullin wake ko sandar sabulu a gefenta. Imat Akullu ke nan; Imat muke ce wa tsohuwa a wajenmu. Wai duk roƙon da aka rubuta ta ɗauka da ƙafa daga nan Lira har Namugongo, ta ajiye a inda aka ƙone shahidan Kirista a zamanin da, Allah ba ya mayar da shi. Sharaɗin ɗaya ne: kada ta hau mota ko da na taku goma ne. Shekara goma sha ɗaya tana yi, tare da ayarin masu ziyara da ke zuwa duk shekara.

Na yi shekara talatin da huɗu ina koyar da kimiyya, kuma ban taɓa jin cewa Allah yana duba tafin ƙafar ɗan aike kafin ya karanta wasiƙa ba. Na ce bana da ni za a je, in ga abin da idona, in kuma bi sawun masu roƙon bayan mun dawo.

* * *

Kullum da asuba muke tashi, gicciye a gaba, motar asibiti tana rarrafe a bayanmu. Kafin rana ta take mun cinye rabin tafiyar yini. Waƙa takan yi ƙarfi da safe, zuwa hantsi ta koma gunaguni, daga nan sai ƙarar silifa da tsawar manyan motoci masu watsa mana tsakuwa. Inda muka sauka, coci ko aji, mata sukan jera ƙafafu a cikin ruwan gishiri, a huda bororo da allura a bar zaren a ciki, a shafe da man kaɗanya. Tuwon masara da wake, gobe ma haka. Zanen da ka wanke jiya a bayanka zai bushe.

Tun ranar farko Imat Akullu ta sa ni a gaba.

"Malama Awor, wannan takalmin na zuwa biki ne. Shahidan ne za su aure ki?"

"Ke dai ki ji da naki na tayar mota, Yaya."

"Nawa ya san hanya. Ko na mutu shi kaɗai zai ƙarasa."

Kwana uku, na sayi irin nata. A gadar Karuma wani gwaggon biri ya fizge mini gasasshen rogo daga hannu, ta yi dariya har ta dafa ni. "Ɗalibinki ne, ya zo ramuwar bulala."

Takardun suna cikin leda, ɗaure a ƙirjinta ƙarƙashin riga. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kowace da ninkinta. Na lura tana tsayawa sau da yawa, wai tana gyara ɗankwali. Numfashi take nema.

A kwana na takwas ma'aikaciyar jinyar da ke bin mu ta danna mata ƙauri da yatsa. Ramin ya zauna, bai taso ba.

"Kaka, zuciyarki ce. Ki shiga mota."

"'Yar nan, je ki duba masu ƙaya a ƙafa. Ni lafiyata lau."

* * *

Washegari, bayan mun haye kogin Kafu, ruwa ya tsuge mana a fili, babu ko bishiyar fakewa. Da muka isa wata makaranta da tsakar rana, ta kwance ledar ta tarar ruwa ya shiga. Tawada ta fara bin takardun. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

"Malama, ki taimake ni. Ki sake rubuta su kafin su goge. Amanar mutane ce."

Abin da na fito nema ya zo hannuna da kansa. Na zauna kan bencin yara, na yago littafina. Guda goma sha tara ne. Wata tana son haihuwa. Wani yana son ɗansa ya samu aikin soja. Wata mijinta ya daina shan giya. Wata ciwon nono. Ina kwafewa ina jin kunya, kamar na leƙa mutane a makewayi.

Ta goma sha huɗu an rubuta ta da babban hannu, an danna biro har ya huda takardar. Ogwal ne, ɗanta, wanda take zaune a bukkar bayan gidansa. Ya ce uwarsa ta tsufa ta gaji, Allah ya karɓe ta a kan wannan hanya mai albarka, don gonar da ubansa ya bari ta fita daga hannunta, akwai mai saye yana jira.

Na karanta sau biyu. Tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafun nan kamar turame, tana tsince ƙasa daga carbinta.

"Kin tsaya," ta ce. "Ta Ogwal ce ko?"

"Yaya, ki shiga motar nan."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Na gaya mata. Ban rage komai ba, don ina zaton zafin maganar zai ɗaga ta ya sa ta a mota. Ko gezau.

"Bana shekara uku ke nan," ta ce. "Ba sai an karanta mini ba. Kowa in zai ba ni takarda idona yake kallo. Shi ƙafata yake kallo."

"Kuma kike ɗauka? Ke da hankalinki?"

"In bar ta ɗana in kai ta 'ya'yan wasu? A ce me?"

"To ki kai ta a mota!"

Ta dube ni kamar yadda nake duban yaron da ya maimaita aji sau biyu.

"Ke gwamnati ke ciyar da ke, Malama. Ni ƙafar nan ce. Waken da kika ga ana ajiye mini a gindin mangwaro, shi nake ci har kaka. Matar Ogwal ba ta aiko mini ko ƙanzo. Ranar da aka ji Akullu ta hau mota, wa zai sake durƙusa mini? In koma gida in mutu a hankali, ko in yi tafiyata?"

Na mayar da idona kan takardar.

"Rubuta," ta ce. "Yadda ya rubuta. Kada ki yi mini wayon 'yan boko."

Na daɗe riƙe da biron. Ina iya rubuta komai, ba za ta sani ba. Amma ta ba ni amana ido cikin ido, ni kuma na riga na leƙa abin da ba nawa ba. Na kwafe ta kalma bayan kalma. Ta karɓa, ta ninke ta da kanta, ta sa a cikin sauran.

* * *

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, kafin mu shiga Luweero, ta tsaya gyara ɗankwali. Ta zauna a bakin kwalta. Ta ce in riƙe mata ledar tukuna. Kafin motar ta ƙaraso ta cika.

Mata suka yi guɗa suna kuka, wai ta dace, ta mutu a hanyar shahidai. Aka sa gawar a mota aka juya da ita arewa. Ni na ƙarasa da ledar da ƙafa, na ajiye inda take ajiyewa.

Na shekara guda ina bin masu takardun gida gida, da sunan gaisuwa. Mai neman haihuwa ba ta haihu ba. Yaron nan bai samu soja ba, yana acaba. Mijin yana nan yana sha. Mai ciwon nono an binne ta a watan Nuwamba. Ogwal ya sayar da gonar wata biyu bayan jana'iza.

Cikin takardu goma sha tara, tasa kaɗai aka amsa.