Ciyawar Abu Sarmad

A gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni iyawa. Wannan ɗin ne ya ƙi fita raina.

Abu Sarmad ya rasu a ƙarshen sanyi, ya bar wa matarsa Suham gida a Bagadaza da ɗan lambu a gabansa. Ciyawa biyu ce a lambun, ɗaya kan ɗaya. Ta ƙasa ita ce sayyil, wadda ya haƙo daga gidan mahaifinsa a garin Hilla tun suna ango da amarya. Tana jure zafi, amma da sanyi ya shigo sai ta bushe ta kwanta. Ta sama kuwa iri ne da yake watsawa kowace shekara don lambun ya zauna kore a lokacin sanyi. Da zafi ya kunno kai sai ya datse mata ruwa, ya aske ta ƙwal, don rana ta isa ga sayyil. In aka bar ta ta yi tsawo, shaƙe ta ƙasan take yi har ta mutu.

Bana babu mai askewa. Masu ta'aziyya kuwa, kowa ya kurɓi gahawa mai ɗaci sai ya ɗauki tiyo ya ba ciyawar ruwa, wai sadaka ce ga mamaci. Ta yi kore shar, ta rufe idon sawu.

Wata safiya Suham ta durƙusa ta ware ganyen da yatsu. Sayyil ta yi fari fat, ta yi laushi kamar taliyar da ta daɗe a tukunya. Ta jima a durƙushe. A zuci tana ganin mijinta ba takalmi, yana watsa irin nan gauraye da yashi, yana tari. Shi ne abu na ƙarshe da ya shuka.

Ta tashi ta ɗaure famfo da waya, ta jawo injin yankan ciyawa daga bayan tanki.

Ƙarar ce ta fito da Hajiya Badriyya, yayar marigayin, wadda ta zo taya ta zaman takaba.

"Umm Sarmad! Me zan gani haka? Ko arba'in ba a yi ba, kin kama aske masa lambu?"

"Hajiya, lokacinta ya yi."

"Lokacin wa? Ƙanena ne ya shuka ta da hannunsa! Ga ki cikin baƙin kaya kina tura inji kamar lebura. Maƙwabciyarki matar Abu Lu'ay na can tana leƙe ta katanga, kafin azahar duk layi ya ji."

"Ta leƙa mana. Da ma don haka Allah ya ba ta dogon wuya."

Hajiya ba ta yi dariya ba. "Ranar arba'in a nan maza za su zauna. A kan turɓaya?"

"A shimfiɗa darduma. In na jira arba'in, ta gidan mahaifinku ce za ta tafi."

Hajiya ta juya ta shige, ta bugo ƙofa. Suham ta ci gaba da turawa, ƙamshin ɗanyar ciyawa na tashi, hawaye na gangarowa tare da gumi.

Lambun ya yi ja, ya yi muni. Mata suka riƙa shigowa gaisuwa, su kalli wurin, su kalli juna. Hajiya ta daina cin abinci tare da ita.

Ranar arba'in aka shimfiɗa dardumai. Kafin baƙi su iso Suham ta zaga gefe-gefe. Daga wajen bishiyar lemo sayyil ta fara turo ƙananan kawuna masu tsini. Amma kusa da famfo, inda aka fi zuba ruwa, babu komai sai ƙasa.

Hajiya ta zo ta tsaya a bayanta.

"Nan fa?"

"Nan na makara."

"Ba za ta fito ba ke nan?"

"Sai in ta can ta yaɗo. Ƙila kafin ƙarshen zafi, ƙila baɗi."

Hajiya ta sunkuya da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta janye gefen dardumar da ya danne wani tsiron sayyil.

"Kai Sarmad," ta kira ɗan marigayin, "matsar da kujerun nan baya, kada a taka."

Maza suka fara sallama a bakin ƙofa. Suham ta ja mayafinta, ta bi ta bayan tanki ta shige kicin tun kafin wani ya ga idanunta.