Irin Gyaɗar Baba Tanko

Shekarar da tabkin Madarumfa ya ja baya har jiragen masunta suka zauna kan laka, aka ce 'yan kolej na Maraɗi za su Yamai su ga yadda ake mulkin ƙasa. Illo na cikinsu. Da ya zo gida sallama, Baba Tanko, wan mahaifinsa, ya kira shi gindin rumbu ya miƙa masa ƙunshi biyu.

"Wanga bandar kifi ce, ta gaisuwa. Wanga ko irin gyaɗar da gwamnati ta raba muna ne. Fasa guda ka gani."

Illo ya fasa. Ciki baƙi ƙirin, sai gari da ƙwari.

"To shi za mu shuka? Ka kai ma babbansu ya gani da idonshi, a sake muna kafin ruwa ya sauka. Amma ban da azarɓaɓi irin na 'yan lakkol, ku 'yan boko. Ka gaida mutum, ka aje gaisuwarka, ka yi shiru. Sai ya ce mi ke tafe da kai, sannan ka buɗe baki."

Kwana biyu suka yi a bayan kamyo, babbar motar kaya. A Yamai, malaminsu Shu'aibu, wanda suke ce wa Mushe irin na Faransawa, ya sa kowa ya wanke ƙafa a famfo, sannan ya kai su wani gini mai hawa uku. Tun hantsi suke kan benci, sai azahar mai girma Direktan aikin gona ya fito, wuya ɗaure irin na Turawa cikin wannan zafi, fuska cike da aska irin ta Gobirawa.

Illo ya durƙusa, ya aje ƙunshin biyu, ya kwashi gaisuwa har da tambayar iyali. Mai askar ya amsa da Faransanci. Planto, ɗan aiken buro, wato ofis, ya kwashe kayan ya yi ciki.

Direkta ya ɗauki sanda ya nuna wani zane a bango, akwatuna da kibiyoyi, wai hanyar da kukan manomi ke bi daga ƙauye har teburinsa. Ya ce ko tari talaka ya yi, nan ake fara ji. Yara na ta rubutawa. Illo dai na jiran a ce me ke tafe da shi.

Da aka ba da izinin tambaya guda, ashe Mushe ya riga ya zaɓi mai yi tun a hanya. Yaron ya miƙe ya tambayi buro nawa ne cikin ginin. Arba'in da biyu. Aka tafa. Illo ya yunƙura, Mushe ya harare shi, Direkta ya dubi agogo. A bakin ƙofa planto ya miƙo wa Illo takarda mai hatimi, bakinsa na ƙanshin banda.

A gida manoma suka taru, Baba Tanko ya ce a karanta. Illo ya fassara, murya ƙasa-ƙasa: Direkta na gode wa manoman Madarumfa da kyautar gyaɗa, shaidar albarkar irin da aka raba masu.

"Ya ɗanɗana?"

"Bai kwance ba, Baba."

"Bai ce mi ke tafe da kai ba?"

"Can ba a cewa."

Tsohon ya murza takardar tsakanin yatsu, ya waiga wurin matarsa. "Tana da kauri dai. Hajara! Zo ki amshi wagga, ki ƙunsa kanwa." Ya tashi ya fara ɗaura wa jaki akumari, zai tafi Ɗan Issa roƙon iri wurin surukansa, abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba.

"Shekara nawa ta rage maka a kolej ɗin?"

"Biyu."

"Sannan kai ma su ba ka sanda da zane?"

Illo ya kama igiyar jakin ya riƙe wa tsohon har ya hau.