Lissafin da Ke Bangon Injiniya

Tun da allin ya faɗi daga hannun Injiniya karo na biyu, Mai Walda ya san wannan aikin ba zai ƙare lafiya ba. Ya sunkuya ya ɗauko, ya riƙe wa tsohon gwiwar hannu.

"Baba, ka zauna mana. Bangon ba gudu zai yi ba."

"Bango ba ya gudu, maƙeri. Ni ne mai gudun."

Shekara talatin Injiniya ya yi yana kula da injinan gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Mai Walda. Tun da 'yar Mai Walda ta shiga jami'a, shi ke duba mata lissafi, yana kiranta Farfesa. Yanzu saura kwana huɗu ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta na ƙarshe a kan yadda eriya ke watsa saƙo, ga shi tsohon ya gano kuskure a tsakiyar aikin. Idan ta faɗi, sai ta maimaita shekara. Gyaran ne yake rubutawa a bangon ɗakinsa, don idonsa ya fara gazawa wajen ganin ƙaramin rubutun takarda.

"Wai mene ne kuskuren?"

Injiniya ya yi tari, ya nuna layi na uku da alli.

"Abin da ke fita daga ƙarfen eriya kashi uku ne. Biyu 'yan zaman gida ne, da ka matsa kaɗan sun mutu. Ɗaya ne matafiyi, shi ke kai murya gari mai nisa. Farfesarka ta kori matafiyin, ta riƙe ɗan zaman gida."

"Babba ne ke nan?"

"Kai da ka taɓa sa ƙofa ta buɗe ta baya, kai ke tambaya?"

Mai Walda ya yi dariyar yaƙe. Ya kira 'yar a waya, ta ce gobe za ta shigo motar safe.

Washegari da hantsi, yana cikin yankan ƙarfe a ƙofar gida, ya ji kuka ta bayan katanga. Ya kashe injin. A kan kujera aka sami Injiniya, fuskarsa na kallon bango, yatsunsa fari fat da alli.

Bayan an kai shi an dawo, Mai Walda ya leƙa ɗakin ya tarar da ƙanwar mamacin ta sa an fitar da gado. Ga bokiti, ga tsumma a hannunta.

"Inna, me za a yi?"

"Nan masu gaisuwa za su zauna. In bar mutane su ga wannan zane-zanen, su ce yayana ya taɓu kafin ya rasu?"

"Ba taɓuwa ba ce, karatun yarinyata ne. Tana hanya, motarsu ce ta lalace."

"Allah ya kawo ta lafiya. Ni dai baƙi na tafe."

Ya dubi bangon, ya dubi bokitin. Yaya za ka yi jayayya da wadda ta binne ɗan uwanta yau? Wayarsa kuma 'yar ƙarama ce, ba ta ɗaukar hoto.

"Ki ba ni minti goma. Ki fara daga can gefen taga."

Ya zaro littafin da yake rubuta awon ƙofofi, ya tsaya gaban bangon. Ba harafi ɗaya da ya gane. Sai ya ɗauke su kamar zanen ƙyaure da mai gida ya kawo a ƙera masa: ga wani mai kusurwa uku da ya kifa kai, ga dogon ƙugiya, ga sifili da aka ɗaura wa ɗamara. Yana ta kwafa, gumi na ɗiga a kan takarda. Ƙarar tsumma na matsowa. Yana layi na shida ruwa ya gangaro ta kan na bakwai, na ƙarshe, farin allin ya bi bango ya sauka.

"Yi haƙuri," in ji Inna. "Ban ga ka iso nan ba."

Da la'asar 'yar ta iso. Ta yi gaisuwa, ta yi kukanta, sannan uban ya ja ta gefen shagonsa ya miƙa mata littafin. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, ƙananan lambobin nan, a sama suke ko a kan layi?"

"Waɗanne?"

"Biyu da ukun da ke bayan wannan harafin. A kafaɗarsa ya kamata su zauna. Su ke nuna wanda ke tafiya da wanda ke mutuwa."

Ya leƙa shafin. Duk ya rubuta su manya-manya a jere, yadda yake rubuta awo don kada a yi kuskuren yanka.

"Na ɓata ke nan?"

"A'a, wannan zan iya mayar da su." Ta juya shafin, ta ga babu komai. "Ina sauran?"

"Layi ɗaya ne. Ruwa ya riga ni."

Ta zauna a kan bencin shagon, ta ɗora littafin a cinya, ta ciro biro. Ta tagar Injiniya ana hango bangon yana bushewa, masu gaisuwa sun jingina da shi. Mai Walda ya tsaya da safar aiki a hannu, bai kunna injin ba. Bai sani ba ko tsohon ya kai ƙarshen lissafin a wannan layin, bai kuma sani ba ko kwana ukun da suka rage za su ishe ta ta gano shi da kanta.