Fitilar Jirgin Baba Hamad

Hayaƙi ya tashi daga cikin jirgin, amma ba irin wanda Baba Hamad yake so ba. Ƙaurin roba ya cika ɗakin. Abdulhadi ya fizge wayar daga bango.

"Khalas? Shi ke nan?" in ji tsohon daga kan gado.

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba. Na'urar ta ƙone."

Baba Hamad Bahaushen Sudan ne, tsohon direban jirgin ƙasa. Da yaƙi ya koro shi unguwar Hadayek el-Maadi a Alƙahira, mutane na ɗaukar zinariya, shi ɗan jirgin wasa na ƙarfe ya naɗe a rawani, irin mai tukunyar tururi. Ya shimfiɗa masa dogo a kan tebur, har da tasha ta kwali. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: jirgin na tsayawa, fitilarsa ke mutuwa, domin wutar lantarkin da ke tura shi ita ke kunna ta.

"Jirgin gaske ba ya rufe ido a tasha," yake cewa. "In ga wannan a tsaye da fitila, ya waladi, ɗana, shi ke nan."

Abdulhadi, maƙwabcinsa na ƙasa, gyaran waya yake yi a kasuwar Ataba. Shi ya kawo maganar dikoda, 'yar na'ura kamar farce, wadda in an dasa ta jirgi zai tsaya da haskensa. Sai dai tsofaffin jirage motonsu a haɗe yake da gangar ƙarfen, dole a raba su tukuna. Ya sani sarai. Gajiya ce kawai. Ya wuni a sunkuye kan wayoyin mutane, ya ce bari ya gwada haka nan. Sauri ya haifi nawa.

"Zan samo wata, in sha Allahu."

"Samo," tsohon ya ce, yana tari. "Ni dai an kusa ɗaga mini tutar tashi."

Ba ta samu da sauƙi ba. Masu shaguna sai su juya ƙonanniyar a tafin hannu su ce, "Bukra," wato gobe. Goben nan ta Alƙahira kuwa ba ta zuwa. Kullum Abdulhadi ya hau bene ya gaishe da tsohon, sai ya tarar ya ƙara shigewa cikin bargo, shi kuma kunya ta hana shi kallon teburin.

Ranar Juma'ar da sabuwar dikodar ta iso, bai yi garaje ba. Ya kwance moton, ya naɗe shi da tef, ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya ɗiga dalma. La'asar ta yi kafin ya gama. Ya rungumi jirgin ya hau.

Takalma ya gani a ƙofa, jere har kan matakala.

Mahasin, 'yar tsohon, ta fito idanunta jawur. "Yanzun nan, Malam Abdulhadi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya ɓoye jirgin a bayansa.

"Jirgin ya yi?" ta tambaya.

"Ya yi."

"To shigo da shi. Ba a fitar da Baba ba tukuna."

Maza suka matsa masa. Ya ɗora jirgin a kan dogo, ya murza makunnin. Jirgin ya zagaya teburin a hankali, ya zo gaban tashar kwali, ya tsaya. 'Yar fitilar tana nan a kunne, haskenta a kan gefen farin mayafin da aka lulluɓe Baba Hamad da shi.